Gwanayen Sa Wa Mota Baki da Kunne

Daga Agadas zuwa Bilma tafiyar fiye da kilomita 500 ce, kuma kaso mafi tsoka cikin rairayin Tenere ake yin sa. Mota na barin gari da ɗan nisa sabis ɗin wayar salula yake ɗaukewa, ba kuma zai dawo ba sai an kusa wani garin. Wanda motarsa ta kafe ko injinta ya buga a wannan sarari, abin da ya rage masa shi ne ruwan da ke cikin jarka, sai kuma hanyar sanar da wani halin da yake ciki. Shi ya sa fararen Land Cruiser na ƙungiyoyin agaji, waɗanda ake gani a Agadas da Diffa da Maiduguri da Abeche, suke yawo da wani baƙin gungume a kan bambar gaba, da doguwar bulala a samansa tana rangaji. Eriya ce ta rediyon oba-oba mai kai magana nesa. Ba hamada kaɗai ke bukatarta ba. A watan Mayun 2013, da aka kafa dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa, an katse layukan salula, sai aka ga ranar duk wata hanyar sadarwa da ba ta jingina da ƙarfen sabis ba.

Sayen rediyon kuɗi ne kawai, duk mai hali zai iya. Ɗora shi a mota kuwa sana'a ce, kuma a ganina tana cikin sana'o'in hannu da ba a ba su girman da ya kamace su ba, don kusan duk aikin a ɓoye yake ƙarewa, ƙarƙashin kujera da bayan dashbod da cikin bonet. A ɗauko rediyo biyu iri ɗaya a sa a mota biyu: ɗaya a ji muryar direbanta daga nisan ɗaruruwan kilomita, ɗayar ko bayan gari ba za ta kai ba. Bambancin yana hannun wanda ya haɗa.

Gwani ba ya fara da sukurudireba, da tambaya yake farawa: Alhaji, da wa kake son magana, kuma ina yake? Idan motocin ayari ne ke son jin juna, ta gaba ta gaya wa ta baya cewa akwai rairayi mai laushi a hannun dama, to rediyon VHF ko UHF ya wadatar. Siginarsa miƙe take tafiya, iyakarta kusan inda ido ke iya hangowa. Eriyar da ke mita biyu sama da ƙasa tana kai kimanin kilomita shida kafin doron duniya ya tare ta, motoci biyu ke nan su ji juna a kilomita goma sha biyu a fili shimfiɗaɗɗe. Direba ya hau tudu mai tsayin mita 25, nasa hangen kaɗai ya kai kilomita ashirin. Tsofaffin direbobi sun san haka ko ba su san lissafin ba: murya na fara yankewa sai su nemi tudu. Inda aka kafa na'urar maimaita magana a kan dutse ko dogon ƙarfe, zangon yana ninkuwa.

Idan kuwa ɗakin rediyo ne a wani gari mai nisan kilomita ɗari bakwai, sai HF, wato gajeren zangon nan da kowane Bahaushe ya taso da shi a kunne. Tun da Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shirye-shirye a 1957 mutanenmu ke murɗa akwatin rediyo suna neman mita 19 ko mita 31 ko mita 41, kuma sun lura tashar da ta fito tangaran da asuba tana iya shiga shuu da rana tsaka. Dalili ɗaya ne a nan da can. Can sama, daga kimanin kilomita 60 zuwa ɗaruruwa, akwai wani sashe na iska da hasken rana ke cika shi da caji, ana kiran sa ayonosfiya. Siginar gajeren zango tana kaiwa can ta tanƙwaro ta dawo ƙasa a wuri mai nisa. Bature Edward Appleton ne ya tabbatar da samuwar wannan sashe a 1924, aka ba shi kyautar Nobel a 1947. Da yake rana ce ke juya shi, zangon da ya yi aiki da hantsi ba lallai ya yi da dare ba. Da rana ana hawa sama a lambobin megahaz, da dare a sauko.

Ba mamaki da manyan sunayen wannan fage biyu, Codan da Barrett, duk daga Ostareliya suka fito, ƙasar da tsakiyarta daji ne da hamada. A can ne Alfred Traeger ya ƙera rediyon da ake ba wa wuta da feda irin ta keke, aka fara kafa shi a gidajen makiyaya a 1929 don su riƙa kiran likitocin da ke zuwa a jirgin sama. An kafa Codan a birnin Adelaide a 1959, kuma baƙin gungumen nan da ke gaban motocin agaji galibi nasu ne.

A wajen eriya ilimin yake. Mitocin da mai gabatar da shiri ke ambata ainihin tsawon igiyar sigina ne, kuma ana samun sa idan aka raba 300 da lambar megahaz. Eriyar mota ta fi jin daɗin aiki idan tsawonta ya kai kashi ɗaya cikin huɗu na wannan tsawo. A megahaz 150 igiyar mita biyu ce, eriya rabin mita ta isa. A megahaz 450 ko santimita 17 ba ta cika ba. Amma a mita 41 ana bukatar sanda mai fiye da mita goma, kuma babu motar da za ta yi yawo da wannan. Aikin gungumen ke nan. A cikinsa akwai naɗaɗɗiyar waya da ɗan ƙaramin inji. Direba na sauya tasha sai injin ya motsa ya ƙara ko ya rage naɗin, har bulalar da ba ta kai mita uku ba ta yi daidai da zangon a wajen wuta, ko da yake a ido tana nan gajerarta. Dabara ce mai kyau, amma tana da farashi: gajeriyar eriya a doguwar igiyar sigina ɗan kaɗan take fitarwa daga ƙarfin da aka ba ta, sauran zafi yake zama. Don haka babu rarar da za a yi wasa da ita. Duk wata 'yar asara a haɗi, daga wannan ɗan kaɗan ɗin ake cire ta.

Abin da ke raba gwani da ɗan koyo shi ne sanin cewa bulalar nan rabin eriya ce. Ɗaya rabin motar ce da kanta. Sigina na fita ta bulala, jikin motar ne ke tallabe ta, kuma dole ƙarfen motar ya zama abu guda a wajen wutar rediyo. Matsalar ita ce mota ba abu guda ba ce. Jikin Land Cruiser a kan robobi yake zaune bisa shasi. Bonet da ƙofofi a kan hinji mai giris suke juyawa. Salansa a rataye take da roba. Tsakanin kowane ƙarfe da ɗan'uwansa akwai fenti ko tsatsa ko datti. Fitila ba ta damu da wannan ba, ko ta wace ƙofa wuta ta samu za ta bi ta koma batir. Wutar rediyo kuwa tana da zaɓe: a fatar ƙarfe take gudu, ba ta ratsa ciki, kuma doguwar siririyar waya a wurinta shinge ce.

Sai ka ga mutum ya kwanta ƙarƙashin mota rabin yini yana aikin da mai motar ba zai taɓa gani ba. Ya kankare fenti har ƙarfe ya yi ƙyalli, ya ɗaura saƙaƙƙiyar wayar tagulla mai faɗi, gajeriya iyakar yadda za ta yiwu, ya sa wasa mai haƙora ta ciji ƙarfen, ya ɗaure noti, sannan ya shafe wurin don kada tsatsa ta dawo. Daga gindin eriya zuwa shasi. Daga shasi zuwa jiki. Daga jiki zuwa bonet, a kowane hinji. Daga inji zuwa shasi, daga salansa zuwa shasi a wuri fiye da ɗaya. Yaron shagonsa na iya ƙosawa ya ce: Oga, ai ma'auni ya nuna duk a haɗe suke. Ma'aunin bai yi ƙarya ba, sai dai wutar batir ya auna, ba ta rediyo ba.

Wurin da za a kafa eriya ma sai an yi ciniki. Ga VHF babu kamar tsakiyar rufin mota: ya fi ko'ina tsayi, kuma ƙarfe ya kewaye ta ta kowace fuska, sigina ta fita daidai gabas da yamma. Sai dai sai an huda rufin, rami mai faɗin milimita 19, kuma mai sabuwar mota ba ya son jin wannan magana. Yakan nemi a sa masa mai mayen ƙarfe. Ni dai ina bayan masu hudawa. Mai mayen ƙarfe reshen ƙaya ɗaya ya ishe ta, kebul ɗinta ta ƙofa yake bi ana matse shi kullum, ƙura kuma na shiga ƙarƙashinta ta ci fentin da ake tsoron ɓatawa. Ramin da aka huda da kyau aka sa masa robarsa ba ya yoyo. Ita kuwa eriyar HF nauyi da tsawo sun hana ta hawa rufi, shi ya sa ake kafa ta a bamba, kan ƙarfe mai kauri da mai walda ya haɗa, a ɗaga ta yadda naɗin zai nisanci jikin mota. Kariyar kaya da jarkoki da tayar safaya duk suna cikin lissafi, don ƙarfen da ya tsaya kusa da eriya yana sauya halinta.

Akwai wani tarko da masu saye ke yawan faɗawa. A shago za a nuna musu doguwar eriya a ce ta fi ƙarfi. Eriya ba ta ƙara ko wat ɗaya. Matse siginar take yi ta baje ta kamar faifai, ta kai nesa a gefe, ta rage sama da ƙasa. A miƙaƙƙiyar hanya wannan riba ce. Amma mota na karkata a gefen tudu, faifan ya karkata tare da ita, gefe ɗaya ya nufi sama, ɗayan ya soki rairayi, abokin tafiya da ke kwari ya daina ji. A ƙasa mai hawa da sauka gajeriyar ta fi, kuma gwani zai faɗi haka ko da doguwar ta fi kawo masa riba.

HF ma tana da nata ramin. Siginar da ke bin ƙasa tana mutuwa bayan 'yan gomomin kilomita, wadda ta tafi sama kuma tana iya saukowa can gaba da nisa, a bar wani yanki a tsakiya da ba ya jin komai. Sai mota ta ji wani gari mai nisan kilomita dubu, ta kasa jin ofishinta da ke kilomita ɗari. Maganin shi ne a tanƙwara bulalar ta kwanta bisa motar a ɗaure bakinta, a zaɓi zango na ƙasa-ƙasa, siginar ta tashi kusan tsaye ta zubo a kewaye. Wanda ya ga eriya a ranƙwafe ya ɗauka don gudun rassan itace ne, wani lokacin ba haka ba ne.

Batun wuta ba shi da wuyar fahimta, amma nan ake yawan ha'inci. Rediyon HF mai wat 100 yana jan kusan amfiya 20 idan ana magana. Ramin kunna sigari ba zai ɗauki wannan ba, wayar fitila ma haka. Daga batir ake janyo waya kai tsaye, kuma kaurinta lissafi ne. Wayar tagulla mai kaurin murabba'in milimita 2.5, idan zuwa da dawowa suka kai mita goma, za ta cinye bolt 1.4 a hanya. Mai kaurin 10 ba za ta ci ko rabin bolt ba. Rediyon da aka ƙera don bolt 13 da 'yan kai, ya samu 11, zai karɓi magana lafiya lau, amma direba na danna makirfo murya ta shaƙe ko na'urar ta mutu ta sake tashi. Fiyus kuwa kusa da batir ake sa shi, cikin taƙi ɗaya, domin wayar yake karewa: in ta goge ta taɓa jiki a tsakiyar daji, fiyus ya ƙone maimakon mota. Inda waya za ta ratsa ƙarfe zuwa cikin mota sai an sa zoben roba. Manyan motoci da wasu Land Cruiser masu bolt 24 suna bukatar na'urar rage wuta. Masu gajeren hanya sukan ja daga batir ɗaya cikin biyun, su kashe shi a hankali. Motar da za ta kwana a daji tana sauraro kuwa ana ƙara mata batir na biyu da abin raba su, kada rediyo ya shanye wanda zai tayar da inji da safe.

Kebul ɗin da ke tsakanin rediyo da eriya mai om 50 ne. Na dish da talabijin mai om 75 ne, a ido kusan ɗaya suke, kuma ya fi araha a kasuwa. Gwani ba ya karɓar sa. Siririn nan da ake kira RG-58, a UHF, mita goma nasa na iya cinye rabin ƙarfin rediyo, don haka ba a barin rara a naɗe ƙarƙashin kafet. Kan kebul ɗin, inda ake like shi da dalma ko a matse shi, nan hannu ke nuna kansa: silin waya ɗaya daga saƙar waje ya taɓa ta tsakiya, aiki ya tashi.

Bayan an gama haɗi sai awo. Ana fitar da mota fili, nesa da gini da wayoyin lantarki, a rufe ƙofofi da bonet, a sa ma'aunin SWR tsakanin rediyo da kebul. Abin da yake nunawa shi ne yawan ƙarfin da eriya ta ƙi karɓa ta mayar wa rediyo. A 1.5 kashi huɗu cikin ɗari ne ke dawowa, ba laifi. A 2 ya kai kashi goma sha ɗaya. A 3 kashi ɗaya cikin huɗu ne, kuma rediyon zamani zai rage ƙarfinsa don kare kansa, tsoho kuwa yana iya ƙonewa. Gwani yana aunawa a tasha ta ƙasa da ta sama. In lambar ta fi muni a sama, eriya ta yi tsawo. In a ƙasa ne, ta gaza. In ta yi tsawo sai ya yanke milimita biyu ko uku, ya mayar, ya ja da baya, ya sake aunawa. Wanda ya yanke da yawa ba shi da hanyar mayarwa, shi ya sa ake yin abin da haƙuri. Amma lamba mai kyau ba ta isa shaida ba. Eriyar da ke zubar da ƙarfinta cikin tsatsa ma tana iya nuna lamba mai daɗi, don abin da ya zama zafi ba ya dawowa. Sai an kira wani mai nisa ya ce ana ji sarai.

Abin da ya fi burge ni a aikinsu shi ne farautar ƙara. A kashe inji rediyo ya yi tsit, a tayar ya cika da hayaniya, raunanniyar muryar da ake nema ta nutse. Gwani da kunne yake gane mai laifi. Kukan da ke siririncewa idan an taka totur, altaneta ce. Ƙas-ƙas mai bin juyin inji, fulogi ne, a motar fetur. Sannan ya cire kebul ɗin eriya: in ƙarar ta ɗauke, ta iska take shigowa, sai a koma wajen wayoyin tagullar nan, in ta ci gaba, ta wayar batir take biyowa, sai matata ko zoben ferait. Tsohon injin dizal 1HZ, wanda famfonsa na ƙarfe ne zalla babu kwamfuta, kusan shiru yake a rediyo. Sababbin motoci masu kwamfuta a kowane lungu sun fi wahalarwa. Sau da yawa kuma ba motar ba ce, tarkacen da aka ƙara mata ne: fitilun LED na kan rufi, firjin mota, ko cajar waya mai araha da direba ya soka a dashbod. Ana kashe su ɗaya bayan ɗaya har a kama ɓarawon. A lokacin hunturu, busasshiyar ƙura da ke bugun bulala tana tara caji ta kawo nata tsatsatsa, wannan kuwa sai dai a rage.

Duk wannan a tsaye aka yi shi, alhali motar gargada za ta bi. Girgizar kwana biyu tana kwance notin da aka ɗaure da hannu biyu, tana sa waya ta goga da gefen ƙarfe har ta huje. Don haka noti mai roba a ciki ake sawa, a ɗaure kebul taƙi-taƙi, a nisanta shi da salansa, a bar masa ɗan sassauci inda jiki da shasi ke motsi daban. Gindin bulala a sa masa sifirin. Mahaɗar da ke waje a naɗe ta da salatif mai narkewa ya haɗe da kansa. Uwar rediyon a ɓoye ta inda iska ke ratsawa, ba inda rana ke duka ba, ba kuma a daɓen motar da za ta tsallaka kogi da damina ba. Fuskarta da makirfo su zauna inda hannun direba zai kai ba tare da ya ɗauke ido daga hanya ba, kuma ba a gaban jakar iska ba.

Kafin ya miƙa makulli, gwani yana zaunar da direba. Kada kowa ya riƙe bulalar HF ana magana, don wutar da ke gindinta tana ƙona fata. Kada a danna makirfo ana zuba mai. A tuna da tsawon eriya kafin a shiga ƙarƙashin wayar lantarki. Takardun izini su zauna a mota: a Najeriya hukumar NCC ce ke raba zangon sadarwa, a Nijar kuma ARCEP, kuma a yankin da ake fama da rashin tsaro, oba-oba marar takarda a shingen jami'ai doguwar magana ce. Yana nuna masa tashar rana da ta dare, da lambar kiran ɗakin rediyo, da yadda ake miƙa doguwar waya daga gindin eriya zuwa itace ko sanda idan bulala ta karye. Wasu za su ce ai akwai wayar tauraron ɗan Adam ta Thuraya. Akwai, kuma masu hankali da duka biyun suke tafiya. Sai dai ita mutum ɗaya take kira kuma da kati, rediyo kuwa magana ɗaya duk ayari da ofis sun ji.

Sannan ya rubuta lambobin SWR na kowace tasha a ɗan kati ya ajiye a aljihun dashbod, ya ce a dawo masa da motar bayan tafiyar farko. Ranar da ta dawo zai bi notocin ɗaya bayan ɗaya, ya duba inda kebul ya fara gogewa, ya sake aunawa. In lambar ta tashi daga 1.3 zuwa 2, ya san ruwa ko ƙura sun shiga wata mahaɗa, ko wata wayar tagulla ta tsinke a ƙarƙashi, sai ya shimfiɗa kwalinsa ya shiga nema.